Ku Tambayi Malam: Asabar da Lahadi a Filin Daga

Da zarar ruwa ya ɗauke, hanyoyi suka bushe, sai wasiƙun tafiye-tafiye su yi yawa a akwatina. Na wannan wata sun karkata ga wuraren da aka gwabza yaƙi a dā. Na zaɓi huɗu, masu sauran su yi haƙuri zuwa wata mai zuwa.

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Injamena, kayan gyaran babur nake sayarwa. Yarana biyu suna lise, wato sakandare, an koya musu yaƙin Rabe da Faransawa, yanzu sun hana ni sakat sai na kai su inda aka yi shi. Ni kuwa kullum ina ƙetarawa Kusuri ta Kamaru saro kaya, ban taɓa ganin wani filin yaƙi ba. Akwai abin gani, ko ɓarnar kuɗin mota ce?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaran. Ka kai su, amma ka faɗa musu tun daga gida cewa ba za su tarar da igwa a girke ba, ba kuma za su ga allo mai kibiya yana cewa nan Rabe ya faɗi ba. Gonaki za su gani, da ƙaya, da bakin kogi, da gidajen da suka ci rabin filin. Wanda ya je babu labarin a kansa, zai dawo ya ce an yaudare shi. Saboda haka aikinku na farko labarin ne, ga shi kuwa.

Rabe ɗan Sudan ne, a rundunar Zubair Fasha ya tashi, babban mai fataucin bayi na Bahar Gazal. Da aka karya su ya yo yamma da tutocinsa, ya bi ta Bagirmi, a 1893 ya ci Barno ya ƙone Kukawa, ya kafa gadonsa a Dikwa. Faransawa kuma suna son haɗe ƙasashen da suka kama a arewa da yamma da kudu, tafkin Cadi ne mahaɗa, Rabe na zaune a tsakiya. Sai suka turo runduna uku. Ta Foureau da Lamy ta keto Sahara daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram. Ta Gentil ta taso daga Kwango ta gangaro kogin Shari. Ta ukun ita ya kamata kowane Bahaushe ya sani, domin ita ce ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi wa Birnin Konni kisan gilla a 1899. Bayan sojojinsu sun kashe su biyun, Joalland da Meynier suka ja ragowar, aka ci Damagaram, aka nufo gabas. Wato bindigogin da suka yi ɓarna a ƙasar Hausa suna cikin waɗanda aka harba a Kusuri.

Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka haɗu. A lissafin Faransawa, sojansu wajen 700 ne, ga mutanen Sarkin Bagirmi Gaurang, masu bindiga 600 da mahaya 200, Rabe kuma yana da kimanin mutum 10,000 a sansanin da ya kafe a bakin kogi, 'yan kilomitoci daga garin. Aka fasa sansanin, Lamy ya samu harbin da ya yi ajalinsa, Rabe ma aka kashe shi yana ƙoƙarin ƙetare ruwa, aka yanke kansa aka kawo. Ƙarshen watan Mayu Gentil ya kafa bariki a ɗaya gaɓar ya sa masa suna Fort-Lamy. Shi ne garin da kake kasuwanci a ciki, Alhaji, sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Injamena.

Yaran za su tambaye ka ko Rabe gwarzo ne. Kada ka yi saurin ba su amsa. Na koyar a Kusuri shekarun baya, na zauna da tsofaffin Kotoko da Larabawan Shuwa da Barebari, akwai wanda in ka ambaci sunan Rabe sai ya tofar da yawu, domin kakarsa a igiya aka tafi da ita. Akwai kuma mai cewa shi kaɗai ya tsaya wa Nasara da gaske a wannan yanki, har ya kashe hafsan Faransa Bretonnet da mutanensa a Togbao a 1899. Duka biyun ba ƙarya suke yi ba. Ni dai a ganina mai kama bayi ne da ya iya yaƙi, waɗanda suka kashe shi kuma ba 'yantar da kowa ya kawo su ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin waɗanda suka faɗi ranar, ta kowane ɓangare, baƙar fata ne, 'yan Sanigal da Bagirmi da Sudan da Barno, amma sunan Bafaranshe ɗaya aka liƙa wa birni shekara 73.

Ga yadda zan tsara muku. Asabar kada ku ƙetare. Ku fara da gidan tarihi na ƙasa a nan Injamena, da yamma ku leƙa Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kamar kilomita 10 daga gari, yara su ga tukwanen Sao, mutanen dā na yankin, da irin ginin ƙasar da ake yi a wancan zamani, don su gane me ake nufi da gari mai ganuwa. Lahadi da sassafe ku hau gadar Ngeli, kowa da katin shaidarsa, na yaran ma kada a manta. Kafin ku nufi ko'ina ku je ƙofar fadar Sultan na Kusuri ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da dattijon da ya san wurin. Ka riƙe masa goro da ɗan abin shayi. Ɗan acaba zai ce maka ya sani, ya kai ka gindin wata tsamiya ya karɓi kuɗinsa.

Daga nan ku gangara inda kogin Lagon ke zuba cikin Shari. Ku sauka daga mota, ku taka yashin. Da hantsi za ku tarar masunta sun jawo kwale-kwale bakin gaɓa suna tsince kifi daga raga, mata na buga wanki, ga benayen Injamena can ƙetare. Ka sa yaran su juya wa ruwan baya su dubi tudu, ka tambaye su: mutumin da ya kafa sansani haka, kogi a bayansa, ta ina zai fita in aka fasa gabansa? Ka tuna musu Afrilu ne, tsakiyar bazara, ruwa ya ja baya, rana na dukan mutum tun hantsi. Minti goma a nan ya fi musu babi guda na littafi.

Gargaɗi biyu. Kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoton gaɓar Injamena, ko gada, ko soja, domin fadar shugaban ƙasa a bakin ruwan take, masu gadinta kuma ba su san wasa ba. Sannan ka tambayi lokacin rufe gada tun da safe, ku juyo da la'asar sakaliya.

Malam barka da aiki. Ni tsohuwa ce a Garwa. Ɗana yana aikin jinya a Filadelfiya ta Amurka, ya aiko mini in je in ga jikoki. Ya ce akwai wata Asabar da Lahadi da zai ɗauke mu yawon filayen yaƙin neman 'yancin Amurka, ya lissafo wurare har shida. Ga ciwon gwiwa. Wane yaƙi ne wannan, kuma wanne zan yarda a kai ni?

Hajiya, Allah ya kai ki lafiya, ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ki ce wa ɗanki Malam ya ce shida ta yi yawa. Masu irin wannan lissafi a mota suke ƙare hutunsu, su dawo da hotunan alluna da ciwon baya.

Yaƙin a taƙaice: yankuna 13 da Ingila ke mulka a gaɓar gabashin Amurka suka yi tawaye a kan haraji da ake ɗora musu ba su da wakili a majalisar Landan. Harbin farko a Lexington da Concord aka yi shi, kusa da Boston, ranar 19 ga Afrilu 1775. Ranar 4 ga Yuli 1776 suka amince da takardar ɓallewa a nan Filadelfiya inda za ki sauka. Babban faɗa na ƙarshe a Yorktown ne, inda Janar Cornwallis na Ingila ya miƙa wuya ranar 19 ga Oktoba 1781, aka sa hannu a sulhu a Paris a 1783. Boston da Yorktown kowanne tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota daga gidan ɗanki, ki soke su. Abin da ke kusa ya ishe ki.

Asabar da safe ya kai ki Independence Hall, zauren da aka amince da takardar, da gidan tarihin yaƙin da aka buɗe a 2017, duk a tsakiyar gari. Bayan azahar ku tafi Valley Forge, kamar kilomita 30 daga birnin. Nan ne na fi so ki gani, ko da yake ba a yi wani gumurzu a wurin ba. Bayan Ingilishi sun ci George Washington, kwamandan sojan Amurkawa, a Brandywine ranar 11 ga Satumba 1777 sun shige Filadelfiya, sai ya janye da mutum wajen 12,000 ya yi zaman hunturu a can, daga 19 ga Disamba 1777 zuwa 19 ga Yuni 1778. Kusan 2,000 suka mutu, ba da harsashi ba, da zazzaɓi da atini da ciwon huhu da ƙarancin abinci. A nan kuma wani hafsa Bajamushe, von Steuben, ya koya musu fareti da faɗa da bindiga mai wuƙa a baki, suka fito sojan gaske.

Na je wurin lokacin da na ziyarci wani ƙanena. An sake gina bukkokin sojan da gungumen itace, an lilliƙe tsakani da laka. Sai kin sunkuya za ki shiga. Ciki duhu, murhu a ƙurya, gadajen katako hawa-hawa jikin bango, faɗin duka bai wuce ɗakin amarya a gidan haya ba, amma mutum 12 aka tsara wa kowace. Ki sa jikokin su kwanta a kan katakon su ji. Gwiwarki ba za ta wahala ba, domin akwai titi na kimanin kilomita 16 da ya zagaye wurin, ana tsayawa a sauka a koma mota, shiga kuma kyauta ne.

Lahadi, in jiki ya yarda, ku je Washington Crossing a bakin kogin Delaware, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Daren 25 ga Disamba 1776 Washington ya ƙetare da mutum wajen 2,400 cikin ƙanƙara, da safe ya auka wa sojan haya na Jamus da Ingila ta girke a Trenton, ya kama kusan 900. Ke da kika girma a bakin Binuwai kin san abin da ake nufi da ƙetarar da dawaki da igwa a jirgin ruwa cikin dare.

Abu biyu za ki riƙe a zuci, ko masu yi muku bayani sun faɗa ko ba su faɗa ba. Washington da ke yaƙin 'yanci yana da bayi a gonarsa. Baƙaƙen fata wajen 5,000 sun yi yaƙi a ɓangarensa, wasu dubbai kuma suka gudu wajen Ingilishi da suka yi musu alkawarin 'yanci, daga cikinsu ne wasu suka bi ta Kanada suka sauka Firitawun ta Saliyo a 1792. Na biyu, ba don Faransa ba da wuya a ci Yorktown: sojan Rochambeau ne a ƙasa, jiragen de Grasse suka tare teku. Faransar da ta taya Amurkawa korar mai mulkin mallaka ita ce bayan shekara 119 ta iso Kusuri da nata.

Ki tafi da rigar sanyi mai kauri da safa da takalmi rufaffe, filayen nan iska ce da su. Ki sa dadduma a mota, wurin salla ba ya wuya a kan ciyawa. Abinci kuma surukarki ta ƙunsa daga gida.

Malam, mu samari ne huɗu a Injamena, muna da babura masu ƙarfi. Muna son zuwa Wadi Dum mu ga tankokin Libiya da aka bari, mu tashi Juma'a mu dawo Lahadi. Me ka gani?

Ɗana, na ga ku zauna a gida. Faya kaɗai kusan kilomita 1,000 ce ta ƙasa, mafi yawanta rairayi, Wadi Dum kuma tana gaba. Gaskiya ne a can kwamandan sojan Cadi Hassan Jamus da mayaƙansa suka tarwatsa babban sansanin Gaddafi a watan Maris 1987, bayan sun ci garin Fada ranar 2 ga Janairu, da motocin Toyota a gaban tankoki. Amma nakiyoyin da aka binne a yankin har yau suna tashi da mutane da raƙuma. Tafiya ce ta mako biyu, da mota mai ƙafa huɗu fiye da ɗaya, da ɗan jagora na ƙasar, da takardar izinin hukuma. In tarihin tawayen Cadi kuke so, ku fara da tushensa: boren haraji na Mangalme a 1965, da kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat a Nyala ta Sudan ranar 22 ga Yuni 1966 ƙarƙashin Ibrahim Abaca. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna nan a unguwarku, sun tsufa, ba mai tambayarsu. Ku kai musu sukari da ganyen shayi ranar Asabar ɗin.

Gaisuwa mai yawa, Malam. Ni malamar firamare ce a Marwa. Maigidana ya ce kakansa ya yi wa Jamus soja a dutsen Mora. Muna son mu je mu gani da yara uku, ƙaraminsu shekara bakwai. Ya hanya, kuma ana hawa?

Malama, in haka ne yaranki jikokin masu taurin rai ne. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a Agusta 1914, Kamaru na hannun Jamus, Kyaftin Ernst von Raben yana Mora da soja wajen 200, Turawa 'yan ƙalilan, sauran duk 'yan ƙasa. Ya san ba zai iya riƙe bariki a fili ba, sai ya kwashe mutanensa ya haye dutsen. Ingilishi suka zo daga Maiduguri, Faransawa daga Cadi, suka kewaye shi. Garwa, wadda ta kori harin farko a ƙarshen Agusta 1914 har kwamandan Ingilishi Maclear ya mutu, ta faɗi ranar 10 ga Yuni 1915. Ngaundare ta bi a ƙarshen watan, Banyo a Nuwamba, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916, babbar rundunar Jamus ta tsere ƙasar Sifaniyawa a kudu. Mora na nan. Abinci ya ƙare har suka yanka dawakinsu da jakuna. Sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 suka sauko, bayan wata 18, su ne na ƙarshe a duk Kamaru, kuma cikin sharuɗɗan von Raben har da a ba shi kuɗin da zai biya sojansa albashinsu. Ki tambayi dangin maigida ko kakan ya taɓa ba da labarin wannan biya.

Daga Marwa kilomita 60 ne, ana zuwa a dawo a yini. Kafin ki isa za ki hango dutsen ta hagu, ya miƙe daga fili ba gargada. Sai kin tsaya a gindinsa za ki fahimci abin da ya gagari runduna biyu: manyan duwatsu ne a jibge kan juna, kowanne ya isa ya ɓoye mutum uku, hanya kuma ta mutum ɗaya ce, mai hawa yana amfani da hannu da ƙafa, na sama yana kallon tsakar kansa. Mutum goma a nan sun isa su tsare ɗari. Ki nuna wa yara gonakin da mutanen dutse suka daddatse da jerin duwatsu hawa-hawa, ki tambaye su inda soja 200 za su samu ruwan sha a watan Afrilu.

Hawa har ƙoli ba na ɗan shekara bakwai ba ne. Maigida da babban yaron su hau in an ba da izini, da ɗan jagora daga ƙauyukan gindin dutsen, su tashi da asuba su sauko kafin azahar, kowa da ruwansa da takalmi mai kama dutse. Duk wani tsohon ƙarfe da suka gani a ƙasa su bar shi inda yake. Ke da ƙananan ku tsaya ƙasa, ku gaida fadar Sultan na Wandala, in Lahadi ce ku ci kasuwar Mora, wadda mutanen dutse da na fili ke haɗuwa a cikinta. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, kafin zafi ya sauka.

Maganar izini ba ta wasa ba ce. Mora na cikin yankin Mayo-Sava, Kolofata da Amshide ba nisa, kin san abin da yankin ya sha a hannun Boko Haram tun 2014. Kada ku dogara da labarin tasha. Maigida ya kira wani ɗan uwa mazaunin Mora ana jibi za ku tashi, in kun isa ku fara da ofishin jandarma ku faɗi inda za ku, kuma magariba ta same ku a Marwa.

In aka ce kada ku je, kuna da filin daga a bayan gida. A Miskin, yamma da Marwa kaɗan, Lamido Zubairu na Adamawa, wanda Ingilishi suka kora daga Yola a 1901, ya haɗu da mayaƙan Marwa suka tari hafsan Jamus Hans Dominik a Janairu 1902, mahaya da masu baka suka yi ta faɗawa bakin bindiga mai ruwan harsashi. Kuɗin acaba ne kawai tsakaninku da wurin. Ku je wajen Lawan ɗin garin bayan la'asar, lokacin da dattawa ke fitowa ƙofar gida, ku bar yaran su yi tambayar da bakinsu.